Yayana, Mai Duba Ɗingishin Dawaki

Yayana ya rasu da hantsi, a tsakiyar kaka, gero yana tsaye a gona ba a gama yanka ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na rufe masa ido, ni kuma na fita na gaya wa liman. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a gindin dutse, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Mutane sun zo, amma ba kamar yadda za su zo ba da a ce shekaru goma sha da suka wuce ya rasu. Yawancin waɗanda suka san aikinsa sun riga shi tafiya. Liman ya yi addu'a ya ce mamacin bai iya hira ba, amma bai taɓa jin ya cuci kowa ba. Wani Bafulatani tsoho ya zo da ƙafa tun daga wajen Kafin Hausa, ya zauna nesa da mutane, ya shafa fatiha, ya tashi ya tafi bai ko sha ruwa ba. Har yau ban san abin da ya haɗa su ba. Maƙerin unguwarmu, wanda suka yi shekara da shekaru suna sa-in-sa da Yaya, shi ne ya fi kowa daɗewa a kan tabarma. Da zai tashi sai ya dafa kafaɗata ya ce, "To, yanzu wa zai hana ni?" Ya juya da sauri don kada in ga fuskarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wasu samari biyu da ke zaune a bayana. Ɗaya ya tambayi ɗan'uwansa, "Wai shi tsohon nan, ɗori yake yi ne?" Ɗayan ya ce a'a, yana jin dai maganin dabbobi yake bayarwa. Ban juya ba. Na gaji a ranar, kuma na ga abin da ke zuwa. In na bi shi, ba sauran wanda zai iya faɗin abin da Yaya ya yi da rayuwarsa. Shi ya sa nake faɗa yanzu, tun ina da numfashi.

Ba maɗori ba ne, magani kuma kaɗan yake bayarwa. Aikinsa shi ne in doki yana ɗingishi ya gano inda ciwon yake. Mahaifinmu malami ne mai tsangaya a nan Dutse, ya so Yaya ya gaje shi, amma Yaya tun yana saurayi ya bi fatake gabas inda ake sayo dawaki, ya daɗe a can yana aikin barga. Da ya dawo bai zo da dukiya ba. Mahaifinmu ya dube shi ya ce, "Me ka karanto?" Yaya ya ce, "Ƙafar doki." Ba su sake tayar da maganar ba.

Akwai wani fako a bayan gidanmu, ƙasa mai tauri da ba ta fitar da komai. Nan ne wurin aikinsa. In an kawo doki ba ya taɓa shi da farko. Sai ya tsuguna ya ce wa mai shi ya ja ragama ya yi sassarfa, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa, har mutum ya fara haki yana ƙunƙuni. Kan dokin yake kallo, ba ƙafar ba. Yakan ce doki yana sauke kansa ne a kan ƙafar da ya yarda da ita, yana ɗaga shi in mai ciwon ta taka. Wannan kam ni ma na koya, don yawan gani. Na taɓa cewa, "Yaya, ai ta hagu ce," ina jin na yi abin kirki. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ƙafa doguwa ce. A ina?"

Don amsa wannan tambayar yake da dabaru biyu. Ta farko yumɓu. Sai ya dama shi ruwa-ruwa kamar kunu, ya shafe ƙafar tun daga kofato har kafaɗa, ya ɗaure dokin a inuwa, ya zauna yana kallo. Wurin da ke da zafi a ciki shi ke fara bushewa, ya yi fari alhali sauran na nan da danshi. Ta biyu kuwa wata tsirkiya ce ta fata. Yana ɗaure ƙafar da ita tamau daga ƙasa, ya bari har abin da ke ƙasa da ɗaurin ya mutu ya daina ji, sannan ya sa a ja dokin. In ɗingishin ya ragu, ciwon yana ƙasa da ɗaurin ke nan. In bai ragu ba sai ya matsa sama kaɗan. Shi da kansa yake cewa dabarar tsirkiya maƙaryaciya ce, don wani lokaci ɗaurin ne ma ke sa dokin ɗingishi. Amma ba shi da wata.

Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya cin abinci in akwai doki a inuwa da yumɓu a ƙafa. Matarsa, wadda duk gida muke kira Inna, takan aiko da tuwo ya huce a gabansa, a mayar, a ɗumama, ya sake hucewa. Ba ya son a yi masa magana yana kallo. Kuma yana da wata kalma da ke ɓata wa masu dawaki rai: "Ban sani ba tukuna." Mutum ya taso tun daga Kiyawa cikin rana, yana so a ce masa ga ciwo ga magani, sai a ce masa ya dawo jibi.

A nan rigimarsa da maƙeri ta samo asali. Shi maƙeri ba ya cewa bai sani ba. In an kai masa doki sai ya hura wuta, ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya yi wa ƙafar lalas a inda ya ga dama, yawanci a kafaɗa. Wata rana Yaya yana wucewa ya ji ƙaurin gashi, ya shiga maƙera ya tarar an kayar da wani dukushi ana shirin ɗora masa ƙarfe. Ya kama hannun maƙeri ya riƙe.

"Sake ni, Malam," in ji maƙeri. "Aikina nake."

"Ka duba shi?"

"Mai shi ya ce kafaɗa ce."

"Mai shi ne ke ɗingishin?"

Suka tsaya a haka, ƙarfe na hucewa a tsakaninsu. Daga ƙarshe maƙeri ya jefar da shi cikin ruwa ya ce ya ɗauki dukushin ya kai shi fakonsa ya yi ta kallo har tashin duniya. Ba su yi magana ba har damina ta wuce. Amma duk da haka, in Yaya ya gama bincike ya ga lallai wurin yana bukatar wuta, wajen wannan maƙerin yake aikawa, ya zana masa wurin da gawayi. Yakan ce hannun maƙerin ba ya rawa.

Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba sai muka fara ganinsu a nan jefi-jefi, suna zuwa rangadi. A wancan lokacin in an ce Bature na kiran mutum, matan gidan kuka suke farawa. Wata safiya ɗan aike ya zo ya ce ana neman Yaya a bariki. Inna ta riƙe masa riga. Na ce ba zai tafi shi kaɗai ba, na bi shi.

Ashe likitan dabbobi ne, ya zo duba ciwon shanu, kurun dokinsa da yake hawa ya fara ɗingishi a hanya. Aka gaya masa akwai wani a gari mai duba irin wannan. Mutum ne siriri, rana ta ƙone masa wuya, yana ta tari. Ta bakin tafinta ya ce Yaya ya yi yadda ya saba, yana so ya gani. Yaya ya sa na ja dokin, ya ce ta dama ce ta gaba. Bature ya gyaɗa kai. Aka kawo yumɓu aka shafa, muka zauna. Kafaɗa ce ta fara bushewa. Yaya ya matsa wurin, dokin ya zabura. Ya ce ciwon a kafaɗa yake.

Bature bai yi musu ba. Ya ce da tafinta, "Gaya masa mai yiwuwa ne. Bari mu tambayi dokin." Ya buɗe wani ƙaramin akwati ya fito da allura mai bututu da wata 'yar kwalba. Ya tsuguna, ya lalubi bayan ƙafar dab da kofato, ya soka, ya tura ruwan, ya yi haka a ɗaya gefen. Muka jira gwargwadon yadda mutum zai sha fura. Ya ɗauki tsinke ya tsikari wurin, dokin bai motsa ba. Ya ce in ja. Na ja, ɗingishi na nan.

Na dubi Yaya. Ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe kaɗan. Ba wanda ya yi masa bayani, amma ya riga ya gane. Ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Zai matsa sama."

Haka kuwa aka yi. Bature ya soka a saman idon sawu. Muka sake jira. Da na ja dokin wannan karon sai ya tafi sumul, kansa a daidai, kamar bai taɓa ciwo ba. Ashe ciwon yana idon sawu, tsakanin allurar farko da ta biyu. Zafin kafaɗa na gogar sirdi ne da kuma nauyin da dokin ke karkatarwa.

Yaya ya ce da tafinta, "Gaya masa na yi kuskure." Sannan ya tsuguna ya kama ƙafar yana shafawa. Abin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema da tsirkiya, ga shi an yi a gabansa da ruwan da bai cika cokali ba.

Baturen ya ga yadda abin ya shige shi, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani hoto baƙi-baƙi ya miƙa masa. Ƙasusuwan ƙafar doki ne a jere, fari-fari, har da wata 'yar tsaga a jikin ɗaya. Yaya ya ce, "Allah sarki, ya mutu ke nan." Tafinta ya ce a'a, da ransa aka ɗauka, a ƙasarsu akwai na'urar da ke gani ta cikin nama. Yaya ya ɗaga hoton sama ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya ko akwai na'urar a Kano. Aka ce babu, sai an haye teku.

A hanyar gida muka yi ta tafiya har muka wuce dabinai. Na zaci murna yake. Sai ya tsaya ya ce, "Ka tuna goɗiyar nan ta Yalwawa, wadda na sa aka ƙona wa kafaɗa?" Na ce na tuna. Ya ce, "Ita ma kafaɗarta ce ta fara bushewa." Ya ci gaba da tafiya. Can ya ce, "Da ban gani ba da na fi samun barci."

Tun da likitan yana da sauran rangadi a gaba, sai ya bar kurun a hannun Yaya. Yaya ya ɗaure shi a turke, ya hana kowa hawa, yana naɗe wurin da tsumma mai sanyi safe da yamma. Da Bature ya dawo ya sami dokinsa lafiya, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce me Yaya ke so. Yaya bai yi kara ba, ya nuna akwatin. Bature ya yi tari, ya yi wata doguwar magana da tafinta. Daga baya ya ba shi allura ɗaya da abin da ya rage a kwalbar, ya kama yatsansa ya ɗora a kan jijiyar da ake nema, ya nuna masa yadda ake dafa allurar kafin a soka. Ya ce in ya sake zuwa zai kawo wata. Bai sake zuwa ba. Mun ji an ce ciwon ƙirjin ya yi masa yawa an mayar da shi gida.

Yaya ya naɗe kwalbar a fata ya binne ta a gindin randa inda ke da sanyi. Ba ya fito da ita sai yumɓu da tsirkiya sun gaza. Labarinta kuwa ya bazu, kuma da yake baki ba ya kai magana yadda take, sai aka riƙa cewa Baba mai dawaki ya sami allurar da ke warkar da ɗingishi nan take.

Yana da 'ya ɗaya tak da ta rayu, ita ce kuma ta fari. Saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in zai ambace ta sai ya ce "yarinyar nan". Yawanci a ɗakin matata ta girma. Tana aure a Kiyawa, mijinta dillalin dawaki ne, mutum mai fara'a da kyauta, ba ya zuwa gidanmu hannu sake. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan.

Wata ranar kasuwa surukin nan ya same ni a gona. Ba zai iya tunkarar Yaya da magana ba saboda kunya, sai ya biyo ta kaina. Ya gaishe ni ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce ya sayi wani ingarma, ya zuba kusan duk abin da ya mallaka a kansa, sai daga baya ɗingishi ya bayyana, irin mai tafiya ya dawo. Ga wani mai saye ya zo daga nesa.

"Baba Ƙarami," ya ce, "rabin wuni kawai nake nema. A soka masa allurar nan da safe, kafin azahar an gama ciniki. Ni ma haka aka yi mini, goro aka ba shi ko me, ban sani ba. Ku taya ni roƙon Baba."

Na ce zan isar, amma kada ya sa rai. Na isar kuwa. Yaya yana gyaran ragama, bai ɗago ba ya ce in kira shi. Surukin ya shigo zaure ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Na ji saƙonka," in ji Yaya. "Kawo dokin in duba maka inda ciwon yake. In mai warkewa ne mu yi jinya."

"Baba, mai sayen ba zai jira ba."

"In ya hau ya shiga daji, maganin ya sake, a ina zai sauka?"

"Baba, gidana ne zai rushe. 'Yarku ce a ciki."

Yaya ya ajiye ragamar. Na ga maganar ta same shi. Sannan ya ce, "Na sani. Ba zan yi ba."

Surukin ya yi godiya kamar yadda ake yi, ya sa takalminsa ya fita. Ingarman ya sayar da shi a wulaƙance, ya daɗe bai farfaɗo ba.

Ina jin da abin ya tsaya nan da ya huce. Amma ba a jima ba sai wata tsohuwa mai sayar da tukwane ta zo da jakinta. Ba ta da kowa sai shi, shi ke kai mata kaya kasuwa. Yana tafiya da ƙafa uku, ya rame. Yaya ya shafa yumɓu bai nuna komai ba. Ya ɗaura tsirkiya jakin ya ƙi tafiya sam. Ya ƙwanƙwasa kofato, ya matsa ko'ina, shiru. Ya zauna yana kallon jakin, tsohuwa tana kallonsa. Sai ya tashi ya shiga gida ya tono kwalbar. Abin da ke ciki bai fi na sau ɗaya ba.

Inna ta tare shi a tsakar gida. "Malam, jaki? Ka hana mijin 'yarka, ka ba jaki?"

Ya ce, "Wannan tambaya zan yi da shi. Wancan ƙarya aka ce in yi." Ya wuce.

Ya soka dab da kofato. Da aka jima jakin ya sauke ƙafar ya taka. Yaya ya ɗauki wuƙa ya bi ƙasan kofaton yana fere shi kaɗan-kaɗan, har ya kai ga wani baƙin ɗigo da ido ba zai kula da shi ba. Yana hudawa mugunya ta tsarto, ga ƙayar aduwa ta karye a can ciki. Tsohuwa ta zauna a ƙasa tana ta sa albarka. Ta kawo masa tukunya daga baya, ita muke dafa wake a ciki har ta fashe.

Labari ya isa Kiyawa kafin jakin ya warke, kuma da irin kalmomin Inna ya isa. Daga nan yarinyar ba ta sake zuwa gida ba. Ba a ce an hana ta ba, kullum dai akwai dalili. Sallah ta zo ta wuce. Ta haihu, a kasuwa muka ji, matata da Inna suka je bikin suna, aka karɓe su kamar baƙi. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Yaya bai taɓa tambayar labarinta ba, ba zai iya ba. Inna takan yi kuka ta yi masa faɗa, ya tashi ya koma fako ko da babu doki. Ya koma wa yumɓunsa da tsirkiyarsa, amma ba kamar da ba. Ya daina yarda da su. "Ban sani ba" ta yawaita a bakinsa, "tukuna" ɗin ma ta faɗi. Mutane suka gaji suka koma maƙera inda ake ba su amsa. Duk Baturen da ya sauka a bariki sai ya aika a tambaya ko likitan dabbobi ne, ko yana da irin ruwan nan. Wani mai haraji ne, wani mai auna hanya. Daga baya ya daina aikawa. Idanunsa suka fara yana, har ya zama ba ya rarrabe doki da mai jansa sai da motsi. Wata rana na same shi zaune a zaure da allurar a hannu, ta yi tsatsa. Ya ce, "An nuna mini ƙofa an rufe. Na gaji, ƙanena." Na zauna kusa da shi har aka kira sallah.

A bazarar da ta gabaci rasuwarsa, da rana tsaka, muka ji takun doki a ƙofar gida. Surukin ne, furfura ta fito masa, yana jan wata goɗiya ja mai kyau, kafaɗarta duk tabon wuta. Ita kaɗai ta rage masa ta kirki. An ƙona ta a can wajensu ba ta ji sauƙi ba, ya rasa inda zai nufa. Ya durƙusa a inda ya durƙusa wancan karon, ya yi gaisuwa.

Yaya ya amsa kamar jiya suka rabu. Ya ce a kai shi fako. Na riƙe masa hannu muka je. Ya sa aka ja goɗiyar, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya sa aka kawo ta gabansa, ya bi ƙafafun gaba da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya dawo, ya sake bi. Ya tsaya a bayan ƙwaurin hagu.

"Ina jin agara ce," ya ce. "Ban tabbata ba, ba ni da abin tabbatarwa. In ita ce, ba ta son wuta, hutu take so, mai tsawo. A bar ta a nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai ni ba ni da mai ɗebo mata ruwa. Ƙanena gona ta ishe shi."

Na buɗe baki zan ce ai ga 'ya'yana maza cike da gida, sai na ji Inna ta yi tari daga bayan zana. Na rufe bakina.

Surukin ya daɗe kansa a ƙasa. Ya ce, "Akwai mai zuwa, Baba."

Kwana kaɗan sai ga ta, da 'ya'yanta da ƙunshin kayanta a ka. Ta zama babbar mace. Inna ta rungume ta suna kuka, matata na kuka, gida ya rikice. Da ta natsu ta je ƙofar ɗakin Yaya ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni." Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Lafiya. Safe da yamma ake ba ta ruwa. Kada a cika mata dusa." Ta ce, "To, Baba." Iyakar abin da suka ce ke nan. Amma ranar ya cinye tuwonsa da zafinsa, har ya nemi ƙari.

Ta riƙa ba goɗiya ruwa, tana naɗe mata ƙafa yadda ya ce. Sauran wunin kuma a ƙofar ɗakinsa take, tana tsince wake ko tana kaɗi. Ba sa hira. Jikokin ne ke hawa jikinsa suna ja masa gemu, yana kiran kowanne da sunan wasa.

Damina ba ta yi nisa ba goɗiya ta warke sarai. Tana haƙa ƙasa a turke, tana harbin iska, ta tsinke dabaibayi har ta shiga gonar maƙwabci. Na sami Yaya na ce, "Yaya, goɗiyar nan fa ta warke."

Ya ce, "An tambaye ni?"

Na ce a'a.

"In an tambaye ni zan faɗa."

Surukin yana zuwa duk ranar kasuwa. Ya gaida Yaya, ya ga iyalinsa, ya je turke ya tsaya yana kallon goɗiyarsa tana tsalle. Sai ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya kama hanyar Kiyawa da ƙafa. Bai tambaya ba ko sau ɗaya. Na san yana bukatarta, don dillalin dawaki da ke yawo a ƙasa abin dariya ne a kasuwa.

Ciwon ajalin bai wahalar da Yaya ba. Zazzaɓi ne, sai ƙarfi ya yi ta raguwa. 'Yarsa ce ke tallafe masa kai tana ba shi kunu, ita ce a gefensa har ƙarshe. Ta ce mini daga baya wata safiya ya lalubo hannunta ya riƙe, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, sannan ya saki.

Da aka share makoki surukin ya zo da ragama da sirdi. Ya ɗora wa goɗiya kaya, ya ɗora ƙananan yara a kai, matarsa na sallama da mata a cikin gida. Na raka shi bakin hanya. Ya tsaya yana gyara majayi ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Baba Ƙarami, tun shukar fari na san ta warke."

Na ce, "Shi ma ya sani."

Ya jingina goshinsa a jikin sirdi, ya daɗe a haka.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa waɗanda ya ƙona bisa kuskure, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.